Curin Ƙasa Daga Rijiyar Baba

Ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ya buɗe akwatina a filin jirgin Paris bai ce mini sannu da zuwa ba. Safar hannu ya sa, ya shiga fito da kayan da Inna ta daɗe tana haɗa mini, ɗaya bayan ɗaya: kilishi, garin kuka, busasshiyar yakuwa, da cukun da wata Bafulatana ƙawarta ta yi da hannunta a Dakoro. Da ya kai kan daddawa sai ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa, suka tsaya suna kallona kamar na kawo musu gawa. Na yi musu bayani da duk Faransancin da na koya tun daga lakwal har jami'a, na ce abinci ne, uwata ce ta ba ni. Suka ce doka ce. Ina ji ina gani aka juye cuku da kilishi da daddawa cikin kwandon shara. Wallahi har yau in na tuna cukun nan sai raina ya ɓaci.

Abu guda bai gani ba, don ba ya cikin akwati. Yana ƙulle a bakin zanen da na ɗaura ƙarƙashin doguwar rigata. Curin baƙar laka ne busasshe, bai kai dunƙulen hannu ba, an naɗe shi da wani tsohon ƙyallen atamfa.

Bari in faɗi asalinsa tun yanzu, don duk labarin nan a kansa yake. Babana mahaƙin rijiya ne. Wanda ya san ƙasarmu ya san ruwa na da nisa, sai an yi ta nutsawa cikin ja da farin rairayi kafin a ji danshi. A rijiyar ƙarshe da ya haƙa, ta ƙauyenmu da ke yankin Ɗan Gulbi, gab da ruwa ya tarar da wata baƙar laka mai santsi wadda bai saba gani ba. Lokacin Inna na da cikin autarmu, tana kwaɗayin cin ƙasa irin na masu ciki. Ya ɓanɓaro curi ya aiko da shi sama cikin guga, da yamma ya kawo mata yana zolaya, wai ga tsaraba daga inda ba mai zuwa sai shi. Ba ta kai ga ci ba ya kwanta ciwo, kafin kaka ya rasu. Ta sa curin cikin kwalla ta rufe. Muna yara mukan gan ta wani lokaci ta fito da shi, ta yayyafa masa ruwa da yatsu, ta kai hanci ta daɗe, ta mayar. Ba wanda ya taɓa tambayar ta dalili. Daga baya masu aikin ruwa suka zo suka zuba wa rijiyar siminti tun daga baki har ƙasa, lakar nan ta rufu ke nan har abada.

A wajenmu in mutum zai tafi nesa akan ba shi 'yar ƙasar gida, ya riƙa jefawa cikin ruwan baƙon gari kafin ya sha, don kada cikinsa ya ƙi wurin. Ko rairayin tsakar gida ya isa. Amma Inna wannan curin ta ɗauko. Ni ce ɗiyarta ta fari, ba ta faɗin sunana, ba ta zama kusa da ni, ko magana za ta yi mini sai ta kalli bango. Ran nan ma bangon ta kalla ta ce, "Ke, ki dinga kankarar kaɗan kina sa ma ruwansu. Aro na ba ki. Ki maido min sauran." Ni da digirina na ilimin ƙasa na yi dariya a zuci, amma na karɓa da hannu biyu.

Daga Paris jirgin ƙasa na shiga zuwa garin da jami'ar take. Yunwa ta kama ni, ba abin da ya rage sai ledar dabino a jakar hannu. Kusa da ni wata dattijuwa ce mai farin gashi. Ai ba zan ci tana kallo ba. Na miƙa mata ledar duka, yadda ake yi. Mu a gida ba ka gutsuro wa mutum abu ka ba shi, wannan rowa ce da raini. Goro ne, ƙwaryar fura ce, ƙunshin gyaɗa ne, gaba ɗaya kake miƙawa, shi kuma ya san abin da ya kamata, ya ɗiba daidai ya mayar maka. Matar nan ta dube ni, fuskarta ta cika da murna, ta yi ta godiya, ta buɗe jakarta ta jefa ledar ciki ta ja zif. Ikon Allah! Har muka isa ina zagin ta da Hausa cikin raina, ita kuwa duk sanda muka haɗa ido sai ta yi mini murmushi. Sai da na daɗe a ƙasar na gane ba haɗama ba ce, su abin da ka miƙa musu duka, to, duka ka ba su. Na yi ta ba mutane labarin muna dariya, ban ɗauke shi darasi ba.

A tasha wani Alasan ya tarye ni. Ɗan ƙasarmu ne, wata abokiyar karatuna ta haɗa mu ta waya, ta ce mutumin kirki ne, yana da ɗaki. Ya karɓi akwatina, ƙanwata sama, ƙanwata ƙasa, yana tambayar damina da farashin gero kamar wanda kewar gida ta hana shi barci. Ya kai ni wani ɗaki tsaf-tsaf, ya ba ni mabuɗi, na ba shi abin da ya ce a fara bayarwa. Ban yi mako ba mai ɗakin na gaskiya ya dawo daga tafiya, wani ɗalibi da ya bar wa Alasan mabuɗi don ya riƙa zuba wa shukokinsa ruwa. Shukokin ma sun bushe. Lambar Alasan kuwa ta daina shiga. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe. Da Bature ne ya yi mini da sauƙi, amma mutumin da ya gaishe ni da harshen uwata, haba!

Haka na ja akwatina zuwa labo, wato ɗakin binciken da aka ɗauke ni karatu, don ban san ko'ina ba sai nan. Da safe wani dattijo mai farar rigar aiki ya same ni kan kujerar baranda, idanuna sun kumbura. Mushe Andire ke nan, mushe ɗin nan shi ne malam da Faransanci, shi ke wanke samfurin ƙasa da duwatsu na duk masu bincike. Bai tambaye ni komai ba. Ya tafi ya dawo da kafe, wato gahawa, da burodi mai ɗumi, ya aje gabana, ya koma gefe ya yi waya. Da yamma ya kai ni gidan ƙanwarsa, tana da ɗan ɗaki a can saman bene, rufin ya karkace har sai na sunkuya in zan yi sallah a gefe guda. A nan na zauna har na gama. Shi ya nemo mini rigar sanyi ta matarsa da ta rasu, shi ya nuna mini shagon Larabawa inda ake samun naman halal da kuɓewa. In azumi ya zo, ba ya cin abincinsa a gabana. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ji abin da ya biyo baya ya zage shi.

Abin da na je karantawa shi ne farkon tsirrai masu fure. Mutum ya duba gonarmu: gero, dawa, wake, gyaɗa, yakuwa, da gawo da kuka da aduwa da ke tsaye a ciki, duk masu fure ne, ko da furen bai kai a lura da shi ba. To akwai zamanin da babu ko ɗayansu a duniya. Akwai dazuzzuka, akwai manyan ƙadangarun nan da ake tono ƙasusuwansu a arewacin ƙasarmu, amma ba fure, ba 'ya'yan itace. Fiye da shekara miliyan ɗari da suka wuce sai ga su sun ɓullo, 'yan ƙanana a bakin ruwa, ƙwari suka fara yi musu dakon bununi, kafin wani lokaci sun mamaye ko'ina. Fure ba ya jimre binnewa, ruɓewa yake. Amma bununi, wannan garin da ke zuba daga kan gero ya sa mutum ƙaiƙayi, ɓawonsa na da tauri, in ya faɗa cikin baƙar laka inda iska ba ta shiga sai ya zauna yadda yake. Shi muke nema. Kowane iri da kamanninsa, wani tsaga ɗaya gare shi, wani tsaga uku, kamar yadda ake gane mutum da tsagar fuskarsa.

Na gwada yi wa Inna wannan bayanin a waya, ta wayar ƙanena.

"Inna, wai akwai lokacin da babu gero, babu gawo, babu hure ko guda."

"To mi awaki ke ci?"

"Babu awaki lokacin."

"Allah shi raba mu da wanga zamani," in ji ta. Sannan ta ce, "Ke nan bununi kika tahi karatu har ƙasar Nasara? Ga shi nan gonarmu ya hana kowa sakat."

Na ji ƙannena suna ta dariya a bayanta. Ni ma na yi, amma da aka kashe waya kuka na yi.

Sanyin farko ya kusa kashe ni. Rana ta fito a makare ta faɗi da wuri, mutane su wuce ka a matakala ba gaisuwa. Malamar da ke kula da aikina, Madam Kilodin, mace ce mai ilimi amma bakinta ba linzami, in ka yi kuskure a gaban kowa za ta faɗa. Ni kuma ba a taɓa ni in yi shiru, mun sha yi da ita. A wannan lokacin ne na fara kwance ƙyallen Inna. Cikina lafiya lau, ba don shi ba ne. Sai in kankari kaɗan da bakin cokali in zuba a kofi, in tsaya in ji ƙamshin nan na ruwan farko in ya sauka kan busasshiyar ƙasa, sannan in shanye har da guntun lakar. In na sha sai in ji zan iya fita. Na yi ta yi wa kaina faɗa cewa aro ne, amma duk ranar da Madam ta wanke ni, ko na ga hoton sallah daga gida, sai hannuna ya kai. Kafin in ankara curin ya koma kamar ƙwan zabo.

Da bazara aka kwashe mu zuwa wani rami a ƙasar Fotugal inda ake haƙar yumɓu, don a can ana samun furannin farko da kansu. Gobarar daji ta wancan zamanin ta babbake su suka zama gawayi, gawayi kuwa ba ya ruɓewa. Aikin wahala ne. Mu cika buhu da baƙar laka, mu ɗauko a kafaɗa, mu jiƙa, mu yi ta rairaya cikin ruwan sanyi har hannuna suka tsattsage. 'Yan ajinmu suna ta ƙorafi, ni kuwa na ce musu wanda ya yi wankin gero tun yana ƙarami wannan ba komai ba ne. Abin da ya rage a rariya baƙin gari ne kawai. Amma ranar da Madam ta ce in leƙa madubin ƙara girma, na ga fure cikakke, da 'yan ganyayyakinsa da komai, bai kai ƙwayar gero ba, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce, "Subhanallahi." Ta ce me na ce, na fassara mata, ta ce ita ma abin da takan ji ke nan, sai dai ba ta da kalmar.

A bakin ramin nan muna cin burodi ta gaya mini dalilin da ya sa ta ɗauke ni. Ta ce alamu na nuna daga ƙasashe masu zafi na tsakiyar duniya masu fure suka bazu zuwa wurare masu sanyi, lokacin da Afirka da Amirka ta Kudu ba su daɗe da fara rabuwa ba. Ƙasarmu tana tsakiyar wannan hanyar, amma abin da aka duba daga cikinta kaɗan ne. Shirin shi ne in koma gida in bi masu haƙar rijiyoyi, in tattaro laka daga zurfi in kawo. Na yi murna har na kasa cin abinci. Zan ga Inna, kuma aikin Baba zai shiga littafi.

Tafiyar ba ta yiwu ba. Muna dawowa daga Fotugal al'amura suka dagule tsakanin ƙasarmu da tasu, takardu suka tsaya, jami'a ta ce ba za ta tura kowa yankinmu ba, ni kuma in na tafi da kaina ba tabbas zan samu dawowa. Watanni suka wuce ina zaune ba samfuri. Ofishin da ke ba ni bursu, wato kuɗin karatu, ya aiko cewa in ba a ga ci gaba ba kafin ƙarshen shekara za a tsayar. Madam ta ce in karɓi ragowar lakar Fotugal da wasu suka riga suka tatse, in yi abin da zan iya. Na ce mata ban baro Dakoro don in lashe kwanon wani ba. Ta ce to in kawo nawa kwanon. Muka rabu kowa na huci.

Washegari da safe na kankari lakar Inna kamar kullum. Na sha, na aje kofin kusa da taga. Sai idona ya kai kan abin da ya kwanta a gindinsa: 'yan baƙaƙen ɗigo-ɗigo, irin waɗanda na yi wata guda ina gani a rariya. Na daɗe ina kallo. Shekara da shekaru abin nan na cikin kwallar uwata, wata da watanni yana cikin cikina, ni mai karatun laka, ban taɓa yi masa kallon laka ba. Na ɗauki kofin a hannu haka nan har labo, na ɗiga a gilashi na leƙa. Akwai wani abu, zagaye-zagaye, amma laka ta lulluɓe shi, ba a gani sosai. Sai an wanke da asid, wani irin asid mai narkar da dutse kansa ya bar bununi. Ba a yarda ɗalibi ya taɓa shi ba. Mushe Andire kaɗai ke shiga wannan ɗakin.

Na koma gida da gudu na ɗauko ƙullin. Na same shi yana shirin shiga, na ce, "Mushe, daga rijiyar babana ne. Ina jin akwai abu a ciki. Don Allah a duba mini." Na miƙa masa da hannu biyu, da ƙyallen da komai. Dattijo ne, ya ciyar da ni, ya tufatar da ni. Ko a mafarki ba zan tsaya gabansa ina gutsurar abu ina ba shi kamar mai gudun kada ya cinye ba. A raina an gama magana: zai ɓalli abin da yake bukata ya aje mini sauran. Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya ce, "Kyakkyawar laka. Ba ta da yawa, amma zan yi a hankali, Rabi." Na ji daɗin wannan maganar, na tafi aji.

Abin da ban sani ba, don ban taɓa kai masa samfuri da kaina ba, shi ne ƙa'idar wurin. Mai bincike shi ke raba samfurinsa tun a teburinsa, ya ɓoye rabi, ya kai abin da ya yarda a narkar. Duk abin da ya shiga hannun Mushe Andire, an sallama shi ke nan. Da ya ce zai yi a hankali, nufinsa ba zai bar ko ƙwaya ta zube ba.

Bayan 'yan kwanaki ya aiko a kira ni. Na same shi fuska fal murna, Madam na tsaye kan madubi ba ta ko ɗago ba. Ya miƙo mini ɗan akwati mai jerin gilasai, a kansa ga ƙyallen Inna, an wanke shi, an goge, an ninke tsaf.

Na ce, "Mushe, ina sauran?"

Ya ce, "Wane saura?"

"Sauran lakar."

Ya dube ni, ya dubi ƙyallen. Na ga murnar tana sauka daga fuskarsa. Ya ce, "Ba ki aje naki ba? Rabi, ba ki raba ba?"

Na zauna a ƙasa, a kan tayil ɗin labo, na ɗora hannu a ka na ce wayyo Allah, wayyo Inna. Da Hausa na yi ta yi, ba wanda ya fahimta. Da na samu numfashi na gaya musu ko mene ne curin nan. Mushe Andire ya cire tabarau, ya fita. Na ji shi yana buɗe kwandunan shara, yana duba ɗan turmin da ya daka a ciki, yana duba magudanar ruwa. Mutum ne mai tsabta, ya wanke komai tas. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa hannu biyu a sake, dattijo da furfurarsa, yana cewa, "Da kin faɗa mini. Kalma ɗaya." Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan har yau. Kalma ɗaya, ko kuma in tuna da matar jirgin ƙasa da dabinona.

Madam ta bar ni na yi kuka na ƙoshi, abin da ban zata daga gare ta ba. Sannan ta kama hannuna ta kai ni kan madubin. Ban so dubawa ba, amma na duba. Gilashin cike yake. Ga na tsirrai marasa fure birjik, a tsakaninsu kuma ga 'yan ƙanana masu tsaga ɗaya, ga masu tsaga uku, launin zuma, jikinsu da saƙa kamar raga, ba abin da ya taɓa su. Bununin furannin da suka tsiro a bakin wani ruwa, a daidai inda ƙauyenmu yake, tun ba a san za a yi gero ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Gilasan nan su suka cece ni. Ba su isa su zama hujja mai ƙarfi ba, don ba wanda ya auna zurfin da aka ciro lakar, kuma babu saura da wani zai sake dubawa. Amma sun isa a sabunta mini bursu, sun zama babi guda a aikina, sauran na cika da lakar Fotugal ɗin da na raina. Ranar da na kare aikin gaban malamai aka yi ta tafi, aka ce in yi alfahari. Mushe Andire ya zauna a kujerar baya. Tun ranar da na yi kukan nan a labo bai ƙara sakewa da ni ba, kullum kamar mai neman gafara, duk da na sha gaya masa ba laifinsa ba ne. Wannan ma asara ce, don ban da wani uba a ƙasar sai shi.

Inna ban gaya mata a waya ba. Irin wannan ba maganar waya ba ce, ga ƙanne sun kewaye ta suna saurare. Takan tambaya dai a kaikaice, "Ruwan nasu bai dame ki ba?" In ce bai dame ni ba. Ta ce madalla.

Da damina na dawo, gero ya yi bununi tun daga Dakoro har ƙauye. Aka yi ta shigowa sannu da zuwa, aka yanka akuya, ƙannena suna kira na dakta suna tsokana wai in duba musu bununin da ya shiga rigunansu. Inna tana ta hidima, ba ta ko kalli inda nake ba, yadda ta saba. Sai da baƙi suka ɗauke ƙafa, wata safiya ina shara a ƙofar ɗakinta, na ji ta jawo kwalla. Ta ce, tana kallon bango, "Ke, ina ajiyata?"

Na aje tsintsiya. Na shiga na durƙusa, na aje ƙyallen a gabanta, a kansa gilashi guda da Madam ta yarda in taho da shi. Na faɗa mata komai, tun daga kofin har asid. Na ce abin da ke cikin lakar yana nan cikin gilashin, furanni ne tun na farkon duniya, Baba ne ya ciro su, kuma na rubuta sunansa a littafin. Ina magana ina jin yadda maganar ba ta da nauyi.

Inna ta ɗauki gilashin da yatsu biyu, ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa. Ba abin da ake gani sai ɗan tabo kamar na shayi. Ta tsoma yatsu a moɗa ta yayyafa masa ruwa, ta kai hanci. Ruwan ya gangare ya ɗiga a zanenta. Ta aje. Ta ɗauki ƙyallen, shi ma ta yayyafa masa, ta shinshina, ta juya ɗaya gefen ta sake shinshinawa.

Ta ce, "Sun wanke."

Na ce, "Sun wanke, Inna."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta naɗe gilashin cikin ƙyallen a hankali, ta sa a kwalla inda curin yake zama, ta rufe. Ana jin dakan maƙwabta. Can ta ce, "Amma kin sha, ko? Kahin su narke shi."

Na ce, "Na sha. Kusan rabi na sha."

Sai ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Ta matsa gefe kan tabarma, ta daɓa wurin da hannu.

Ta ce, "To shina jikinki ke nan. Taho nan ki zamna, Rabi."

Na tashi na je na zauna kusa da ita.